Farantin watsi ya kusa zama tarihi a Ayalan: tiyo, takalmi, ko a kira ɗan kwangila?

Malam Habibu: Salamu alaikum jama'a. Maganar ruwan taki na kawo, don kullum sai a taɓa ta a gefe a wuce. Ga waɗanda ba su san tsarin Ayalan ba: shanu na zama a rumfa duk tsawon hunturu, a kan daɓen siminti mai tsaga-tsaga, kashi da fitsari suna zuba cikin ramin da ke ƙasa. Abin da ya taru, mai kama da kunu, shi ake zuƙa da tanka a kai gonar ciyawa. A da faranti ake ɗaura wa tankar a baya, ruwan ya buge shi ya baje sama kamar wutsiyar ɗawisu. Yanzu doka ta matse. Daga Janairun 2023 duk gonar da kashin dabbobinta ke ba da kilo 150 na sinadarin naitirojin a hekta a shekara, dole ta yi amfani da na'urar da ke ajiye takin a ƙasa, wadda suke kira LESS. A 2024 aka sauko 130, a 2025 kuma 100.

A ɗauki misalin gona a gundumar Cavan: hekta 40, shanu masu shayarwa 50 da 'yan maruƙansu 50, tarakta mai ƙarfin doki 100, da tsohuwar tanka mai galan 1,600. Saniya mai shayarwa kilo 65 ake lissafa mata a shekara, ɗan maraƙi kuma 24 a lissafin da aka saba. Jimla 4,450, a raba da 40, an samu 111. Ke nan doka ta kama shi. Me ya kamata ya yi?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Malam. Bari a fara bambance na'urorin, don ana yawan cakuɗa su.

Ta farko sandar tiyo ce. Ƙarfe ne mai fuka-fuki biyu, faɗinsa yawanci mita 6 zuwa 7.5 a kan ƙananan tankoki, tiyo-tiyo na rataye a jiki, tazarar kamar santimita 25 tsakaninsu. Takin na zuba layi-layi a kan ciyawa daga ɗan sama kaɗan. Ba ta taɓa ƙasa.

Ta biyu mai takalmi. Kusan tsarin ɗaya ne, sai dai kowane tiyo yana ƙarewa da wani ƙarfe mai kama da takalmi, wanda sifirin ke danna shi ƙasa. Takalmin na buɗe ciyawa kamar yadda matsefi ke tsaga gashi, ya ajiye takin a kan ƙasa kai tsaye, ciyawar ta koma ta rufe shi.

Ta uku mai tsaga ƙasa, wato faifai na yanka ɗan rami mai zurfin kamar santimita 5, a zuba takin ciki. Wannan ku cire ta daga lissafin gonar Cavan. Tana son babbar tarakta, ga duwatsu, ga ƙasa mai laka. A Holan ne ta zauna daram, inda ƙasa ke shimfiɗe kamar tabarma, kuma tun farkon shekarun 1990 aka hana su watsawa a sama.

Hajiya Rakiya: Kafin a shiga ƙarfe, a san dalilin dokar. Kusan rabin naitirojin ɗin da ke cikin ruwan takin shanu yana cikin siffar da ke saurin zama iskar amoniya. Da faranti, ana shafe kowane ganye da kowane taƙi na ƙasa, to fuskar da ke haɗuwa da iska ta yi yawa, kuma mafi yawan asarar na faruwa ne cikin awa 24 na farko, musamman in akwai rana da iska. Layi-layi na rage wannan fuskar. Alkaluman da Teagasc, hukumar binciken noma ta Ayalan, ke bayarwa: sandar tiyo na rage amoniya da kamar kashi 30 cikin 100, takalmi kuma har kashi 60. Kashi 99 na amoniyar Ayalan daga noma take fitowa, ƙasar kuma na ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai da ke son ta rage kashi 5 cikin 100 a kan na 2005 kafin 2030. Ba yadda za a yi a kai ga haka ba a taɓa tankar taki ba.

Ribar manomi kuma ita ce, a bazararsu, wato bayan hunturu, galan 1,000 na taki mai kauri kashi 6 (wato kashi 6 cikin 100 daskararre ne, sauran ruwa) na ba da yunit 9 na naitirojin, 5 na fosfaros, 32 na fotash idan an zuba da LESS. Da faranti naitirojin ɗin 6 ne kawai. Sauran biyun ba sa canjawa.

Lawal: Hajiya, wannan yunit 3 ɗin ne nake so a auna, don shi dillalai ke tallatawa. Yunit ɗaya rabin kilo ne. Gonar da Malam Habibu ya kawo misali tana Cavan, inda doka ta ce ramin ajiya ya ɗauki na mako 22. Saniya mai shayarwa na tara taki 0.29 na kubik mita a mako, ɗan maraƙin da aka yaye 0.15. Ka lissafa: 319 da 165, wato kubik 484, kusan galan 106,000. Ka ninka 106 da yunit 3, ka samu 318, kilo 160 ke nan na naitirojin. A takin zamani na CAN mai kashi 27, buhu 12 ne masu kilo 50. Buhu 12 a shekara! Kuma sai in duk an zuba shi a bazara. Wace na'ura ce buhu 12 zai biya kuɗinta? A irin wannan gona kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu ta hanyar taki. Doka ce ta tilasta, sai a nemi hanya mafi sauƙin bin ta.

Hajiya Rakiya: Lissafinka daidai ne Lawal, amma ka bar abu ɗaya. Da faranti sai filin da aka kiwace ƙwal ko aka yanke ake iya zuba wa, kuma sai an jira makonni kafin shanu su yarda su ci. Da takalmi ana zubawa cikin ciyawa mai tsawon idon sawu, ganyen ya fita tsaf. Ke nan filayen da za a iya kai wa taki a watan Fabrairu da Maris sun ƙaru, maimakon a jibge shi duka a fili biyu na kusa da gida, ko a bar shi sai bayan yankan ciyawa na farko a watan Yuni lokacin da zafi ke cinye naitirojin ɗin. Wannan ba ya fitowa a lissafin buhu.

Sani: Ni dai ina ganin a ɗaura sandar tiyo a tsohuwar tankar, a huta. Ita ce mafi araha, mafi sauƙin nauyi, kuma doka ta yarda da ita.

Injiniya Bashir: Zai yiwu Sani, amma sai an duba abu huɗu a jikin tankar, in ba haka ba araha ba ta ado.

Na farko ƙofar baya. Yawancin sandunan da ake ɗaurawa a tsofaffin tankoki a ƙofar baya ake kafa su, ko a cire ƙofar a sa wata mai ɗauke da sandar. Tankar da ta shekara 20 tana zuƙar taki, tsatsa na cin ta daga ciki, musamman ƙasan ƙofar da wurin hinjis. A buga da guduma a saurara, a auna kaurin ƙarfen. Sandar mita 7.5 da injinta na markaɗe taki kafin ya shiga tiyo na kai kilo 400 zuwa 500, kuma nauyin yana lilo a kan hanya mai gargada.

Na biyu matsayin aksil. An ƙera tsofaffin tankoki ne ba tare da tunanin wani kaya a baya ba. Da ka rataya rabin tan a bayan taya, nauyin da ke kan ƙugiyar tarakta ya ragu. Tanka cike ba matsala. Amma in ta kai rabi kana hawa tudu, takin ya gangara baya, ƙugiyar na neman ɗagawa, tayoyin bayan tarakta su rasa riƙo. A tuddan Cavan da Monaghan wannan ba wasa ba ne. Maganinsa a matsar da aksil baya, ko a sa shinge a cikin tankar da ke riƙe taki a gaba har ƙarshe. Sababbin tankokin da Abbey, Hi-Spec, Major da sauransu ke ƙerawa don LESS da haka suke zuwa.

Na uku man haidirolik. Injin markaɗe na son kamar lita 35 zuwa 50 a minti, ba yankewa, da tiyon dawo da mai wanda ke shiga tankin tarakta kai tsaye ba tare da matsi ba. Tsohuwar tarakta mai ba da lita 30 za ta juya shi, amma a hankali, ya riƙa shaƙewa, man ya yi zafi. Sannan ana buƙatar bawul biyu ko uku a baya: na markaɗe, na naɗe fuka-fuki, na ƙofar taki.

Na huɗu taya da birki, tun da nauyi ya ƙaru.

Sani: Injiniya, shi markaɗen nan dole ne? Akwai masu cewa in taki ya yi ruwa ba a buƙatarsa.

Injiniya Bashir: Ga takin alade ko ruwan wankin ɗakin tatsa, wataƙila. Ga shanun da ke cin sailej ɗin dunƙule, wato ɗanyar ciyawar da aka dunƙule aka naɗe a leda aka adana, dole ne. Dogayen zaruruwan ciyawa na faɗawa ramin, ga igiyar leda, ga guntun katako, ga tambarin kunnen saniya, har da ɓarin kofato. Bakin kowane tiyo milimita 40 ne ko kusa da haka. Markaɗen faifai ne mai ramuka, wuƙaƙe na juyawa a kansa suna yanke duk abin da zai shiga tiyo, kuma shi ke raba takin daidai tsakanin tiyo 30. A gaskiya shi ne na'urar, sauran duk ƙarfe da roba ne. Kamfanoni da yawa na ɗaura na Vogelsang, wasu kamar Mastek na ƙera nasu.

Abin da ke kashe shi: juya shi babu taki a ciki, wuƙaƙen su ci faifan a bushe. Barin tarkon duwatsu ya cika. A buɗe shi kowace rana, in ramin na da datti kowane lodi 10. Rashin juya shi baya; ya kamata a sauya masa alkibla lokaci-lokaci don wuƙaƙen su wasu ta gefe biyu kuma abin da ya maƙale ya saki. Sai barin taki ya bushe a ciki bayan aiki. A zuƙi ruwa lodi ɗaya a wanke, kuma in ana sanyin ƙanƙara a tsiyaye shi tas. Alamar wuƙaƙe sun dakushe ita ce tiyo biyu-uku su daina zuba. Direba ba zai gani ba sai bayan mako uku, lokacin da filin ya fito da zane-zane, wani layi kore shar wani rawaya.

Hajiya Rakiya: Shi ya sa nake cewa gardamar tiyo da takalmi ta zo bayan maganar kauri. Takin shanun nama da aka ciyar da busasshen sailej na kai kashi 8 ko 9. Irin wannan, ko wace na'ura ka sa, zai kwanta a layi kamar igiya, in rana ta buga ya bushe, ciyawa ta ɗaga shi sama, injin yanka ya kwashe shi zuwa cikin sailej. A nan sandar tiyo ta fi muni don a kan ganye take ajiyewa. A ƙara ruwa a dama sosai har ya sauko 6 ko ƙasa, a gwada da ma'aunin kauri, ɗan gilashi ne mai araha. Taki mai ruwa na shiga ƙasa da sauri, amoniyar ma ta ragu. A Holan, a filayen ciyawa na laka da na dausayi, tun 2019 ba a yarda a yi amfani da takalmi ba sai an surka kashi biyu na taki da kashi ɗaya na ruwa.

Lawal: Amma ruwa lodi ne, Hajiya. Ka surka galan 106,000 da kashi ɗaya cikin huɗu, lodi 66 na tankar 1,600 sun zama 83. Dizal da lokaci. Kuma ramin da ya cika maƙil a ƙarshen Janairu ba shi da wurin ruwa sai an fara rage shi.

Bari in shiga maganar tallafi tun da ita ke ruɗar mutane. A ƙarƙashin TAMS 3, shirin gwamnati na tallafin sayen kayan gona, wanda aka buɗe a 2023, kayan LESS na samun kashi 60 cikin 100, a kan kuɗin da bai wuce Yuro 40,000 ba. Amma kashi 60 na me? Ma'aikatar noma na da nata farashin da ta ƙayyade wa kowane kaya, kuma ƙaramin cikin biyun take ɗauka, nata ko na rasit, ba tare da harajin VAT ba. Misali kawai: dillali ya ce 45,000, farashin ma'aikata 38,000, za a ba ka 22,800, ka cika 22,200, ga haraji a kai. Kai za ka fara biya duka, sannan ka nemi a mayar maka. Ka saya kafin takardar amincewa ta fito, ka yi asarar tallafin gaba ɗaya. Kuma dole kayan ya zauna a hannunka shekara 5.

Abu biyu kuma. Lokacin da aka buɗe shirin an cire sandar tiyo daga jerin, aka bar takalmi da mai tsaga ƙasa, saboda bambancin 30 da 60 ɗin da Hajiya ta faɗa. Ƙungiyoyin manoma sun yi ta ƙorafi, musamman na yankunan tudu. Duk mai nema ya karanta jerin kayan zagayen da yake ciki da idonsa. Na biyu, dokar Tarayyar Turai ta ce in abu ya zama wajibi a kan gona, akwai wa'adin da ake da shi na tallafa wa sayensa, wata 24 ne a lokacin da aka buɗe shirin. Wanda doka ta kama a Janairun 2025, agogonsa na tafiya tun ranar.

Sani: To ai gaba kura baya siyaki. Tiyon da tarakta ke iya ja babu tabbacin tallafi, takalmin da ke da tallafi kuma ya fi ƙarfin taraktar.

Injiniya Bashir: Bai fi ƙarfinta kai tsaye ba. Takalmi mai mita 6 a kan sabuwar tanka mai galan 2,000, doki 100 zuwa 110 na ja a fili mai laushin gangare. Matsalar nauyi ce: tankar da kayanta tan 4 zuwa 5, taki tan 9, duka a kan aksil ɗaya, a ƙasa mai laka a watan Fabrairu. Sawun da za ta bari zai cinye ribar naitirojin ɗin. In za a saya, a sa kuɗi a taya mai faɗi, a rage iska a gona. Sannan takalmi na da nasa hali: ba a ja da baya yana ƙasa, sifirin zai lanƙwashe; a kwana mai tsini a ɗaga shi; bakin takalman na cinyewa a ƙasa mai tsakuwa, kayan canji ne kamar haƙoran garma. A gefen tudu kuma taki na rinjaya zuwa tiyon da ke ƙasa, shi ya sa masu faɗi ke da markaɗe biyu, ɗaya a kowane fiffike.

Malam Habibu: Ba wanda ya taɓo ɗan kwangila.

Lawal: Shi ne amsata ga wannan gonar, Malam. Kubik 484 aikin yini ɗaya ne ko biyu ga mai dogon tiyo, wato famfo na zaune a bakin rami yana tura taki ta tiyo mai inci 4 ko 5 zuwa taraktar da ke gona, ba tanka ko ɗaya da ke taka ƙasa. Ga ƙasa mai laka babu kamarsa, muddin filayen na haɗe da gida, ba a warwatse a tsallaken titi ba. Manomi ya riƙe injin damawa nasa, ya dama kwana ɗaya kafin a zo. Abin mamaki, su 'yan kwangilar da ke zuba kaso mai yawa na takin ƙasar ba sa cikin TAMS, ƙungiyarsu ta FCI ta daɗe tana kuka a kai.

Sani: Da sauran rina a kaba, Lawal. Kowace shekara ana rufe zuba taki daga 1 ga Oktoba. A Cork ta kudu ana buɗewa 13 ga Janairu, a Cavan sai 1 ga Fabrairu. Ranar da aka buɗe, ramin kowa ya cika, kowa na kiran mutum ɗaya. Ƙaramin manomi shi ne na ƙarshe a layi. Kuma doka ta hana zubawa a ƙasar da ta jiƙe sharkaf, ko ta daskare, ko in ana hasashen ruwa mai ƙarfi cikin awa 48. Ranakun kirki ba su da yawa, in ɗan kwangila ya zo a ranar banza fa? Sannan mai dogon tiyo na son ya gama ya tafi, sai ka ga an zuba galan 4,000 a eka inda 2,500 ya isa.

Injiniya Bashir: Wannan na ƙarshen yana da magani: a nemi mai mitar auna gudu a jikin tiyo, a gaya masa adadin kafin ya fara. Mai tankarsa ma ya auna. Tankar galan 2,000 kubik 9 ce. Kana son 28 a hekta, wato galan 2,500 a eka, to lodi ɗaya zai rufe murabba'in mita 3,250. Da faɗin mita 7.5, tafiyar mita 433 ke nan. In tankar na ƙarewa a minti 4, gudunka kilomita 6.5 a awa. Ka gwada sau ɗaya da agogo, ka rubuta giyar a jikin gilashi.

Dakta Zainabu: Ku ba ni wuri in sa baki ta fuskar dabba da mutum. Fotash ɗin nan 32 ba ƙarami ba ne, kilo 3.5 a kowane kubik. Tun da LESS ta ba da damar zubawa a filin kiwo, sai a yi hattara da shanu masu shayarwa a bazara: fotash mai yawa na hana ciyawa ɗaukar magniziyam, saniya ta kamu da farfaɗiyar ciyawa, ta faɗi tana shure-shure. Shawarar da aka saba ita ce kada a wuce kilo 90 na fotash a hekta a zubi ɗaya na bazara, wato kubik 25 ko kusa. A filin kiwo a rage sosai, a bar mai yawa ga filin yanka, kuma a ba shanu magniziyam.

Sai damawa. Tun da waɗannan na'urori na son taki mai laushi, ana damawa fiye da da, kuma a nan iskar guba ta haidirojin salfaid ke fita. In ta yi yawa tana kashe jin wari, shaƙa ɗaya-biyu mutum ya faɗi. A fitar da dabbobi duka, a buɗe ƙofofi, a zaɓi rana mai iska, a kunna injin a bar wurin aƙalla minti 30, kada yaro ko kare ya kusanto. A Satumban 2012 a Hillsborough ta Arewacin Ayalan, ɗan wasan rugby Nevin Spence da mahaifinsa da ɗan'uwansa sun mutu a rami ɗaya, kowa na ƙoƙarin ceton wani. Abin rufe hanci na ƙura ba ya tare wannan iskar.

Ɗanjuma: Ina bin ku daga Zariya. Malamai, wannan ya shafe mu kuwa? Namu kashin shanun busasshe ne, da jaki ko amalanke ake kai shi gona.

Hajiya Rakiya: Na'urorin ba su shafe ku ba ƙanena, sai manyan gonakin madara masu daɓen siminti da masu ramin iskar gas na girki, don ruwan da ke fita daga ramin gas ya fi ɗanyen taki saurin sakin amoniya. A zafin Arewa asarar ta fi ta Ayalan sauri nesa ba kusa ba. A zuba shi da yamma a cikin kwarin kunya, a ja ƙasa a rufe nan take.

Malam Habibu: To a koma Cavan. Abin da na ji: Lawal na kan ɗan kwangila, Sani na kan sandar tiyo, Hajiya ta fi karkata ga takalmi.

Injiniya Bashir: Ni zan raba aikin biyu. Zubin farko na Fabrairu, lokacin da ƙasa ke da taushi kuma rami ya cika, a ba mai dogon tiyo, a yi masa magana tun Disamba. Ragowar, bayan yankan farko da filayen nesa, tsohuwar tankar da sandar tiyo ta mita 6 za ta iya, in ƙofar baya ta ci jarrabawar guduma. Sai dai a lura da inda doka ta dosa. Sikotilan ta sa 1 ga Janairun 2027 a matsayin ranar da kowace gona za ta bar faranti, Jamus ta shigar da filayen ciyawa tun Fabrairun 2025, kuma ma'aikatar Ayalan ta riga ta nuna wadda ta fi so ta hanyar jerin tallafi. Akwai sandunan tiyo da ake iya ɗaura wa takalma daga baya. A tambayi dillali ko firam ɗin zai ɗauki nauyin da matsin sifirin, kuma a sa shi ya rubuta amsar a takardar ciniki.

Sani: Injiniya, in tankar ta faɗi jarrabawar guduma fa?

Injiniya Bashir: Sai a duba farashin ma'aikata na tankar galan 1,600 mai takalmin mita 6 a zagayen da ke buɗe, a kira Lawal ya sake lissafi. Kada a yi wa ruɓaɓɓiyar tanka walda a rataya mata rabin tan, famfon na matsa mata iska a kowane lodi.